Na ƙone kachala, ta dawo ta fi da yawa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da fadama a wajen Wurno, shinkafa nake yi da albasa. Kachala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta cinye mani gefen da ke bakin magudanar ruwa. Da rani na sare ta, na banka mata wuta har wurin ya yi fes. Ina sakin ruwa sai ga tsiro sirara sun rufe laka, har inda ba ta taɓa kaiwa ba. Daga ina suka fito? Abin ya dame ni ƙwarai, gonar gado ce.

Wani malamin gona: Wa alaikumus salam Alhaji. Tsiro iri biyu kake gani. Masu kauri daga saiwa suke, wuta ba ta kai gare ta a ƙarƙashin laka. Siraran kuwa iri ne. Zangarniya guda tana ɗauke da iri dubun dubata, kowane da ɗan gashinsa, iskar hunturu ta watsa su ko'ina. Irin ba ya tsira sai ya samu haske da ɗumi da laka jiƙaƙƙiya ko ruwa marar zurfi. Da tsohuwar kachalar na tsaye, inuwarta ta hana shi. Da ka ƙone, rana ta sauka kan ƙasa, ka kuma kawo ruwa. Ka haɗa masa duk abin da yake jira. Yanzu da suke ƙanana, ka datse ruwa ƙasa ta bushe sosai, ba su jure fari. Sannan ka yi kaftu mai zurfi, irin da ƙasa ta binne ba ya ganin haske.

Wani dattijo daga Goronyo: Gaskiyar Malam ce. Kafin a gama madatsar Goronyo a 1984, fadama kan bushe ƙaƙas da rani, ciyawar ga ba ta samun wurin zama. Yanzu ruwa na kwance shekara zagaye. Ɗana, manyan kada ka sare su a busasshe. Ka jira ruwa ya taru, ka shiga da lauje ka yanke a ƙarƙashin ruwa, ya rufe kututturen da taƙi guda ko fi. Ta ganye take shan iska, in ruwa ya rufe ta saiwar ruɓewa take.

Mai tambaya: Na gode Baba. Yanka ɗaya ya isa?

Dattijon: Ina! Duk wadda ta leƙo kan ruwa ka sake yanke ta, sau biyu ko uku.

Wani maƙwabci: Ku kira gayya ku share magudanar gaba ɗaya tun zangarniya ba ta nuna ba. In ta maƙwabcinka ta fashe, a gonarka irin zai sauka. Ga tsuntsayen jan-baki ma a cikin kachalar suke kwana, su tashi su faɗa wa shinkafa.