Me ya sa matafiya suke buɗe tallar gidana amma ba sa kama shi?

Ummu Yasmin ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu harkar saukar baƙi. Ina da gida mai ɗakuna biyu da na gyara domin hayar 'yan kwanaki, na kuma sa tallarsa a ɗaya daga cikin manyan dandalan intanet. Alƙaluman da dandalin yake nuna mini sun tabbatar da cewa mutane suna buɗe tallar, amma masu kama gidan ba su taka kara sun karya ba, alhali gidajen da ke kusa da nawa, waɗanda a ganina ba su fi shi tsabta ko kaya ba, kusan kullum a cike suke. Na rage farashi, ban ga wani canji na a zo a gani ba. Ina roƙon masu gogewa su fahimtar da ni abin da yake sa matafiyi ya duba gida sannan ya wuce.

Abu Hafsa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki sake taɓa farashi, ya kamata ki gano matakin da mutane suke juya baya, domin wanda tallar ba ta taɓa bayyana a gabansa ba daban yake da wanda ya buɗe ta, ya karanta, sannan ya fita. Tunda kin ce ana buɗewa, hoton farko yana aikinsa ke nan, matsalar tana cikin shafin.

A ganina babu abin da yake korar matafiyi a wannan mataki kamar shakka. Mutum ne zai biya kuɗi tun bai ga wuri ba, ya kwana a gidan wanda bai taɓa sani ba, sau da yawa tare da iyalinsa, saboda haka duk tambayar da tallar ta bari ba amsa, shi zai cike giɓin da mummunan zato, ya koma ga talla ta gaba. Idan babu hoton banɗaki, zai ɗauka akwai abin da ake ɓoyewa. Idan an ɗauki ɗakin kwana da daddare, labule a sake, ƙwan fitila ɗaya yana ba bango launin rawaya, ɗakin zai fito a matse ko da mai faɗi ne. Ki rubuta ƙarara yawan gadaje da girmansu, ko gidan a sama yake sai an hau matakala, inda ake ajiye mota, ƙarfin intanet, da yadda baƙo zai karɓi makulli idan ya iso cikin dare. Har aibin gidan ki faɗa, misali ƙarar titi da safe, domin wanda ya kama bayan ya sani ba zai dawo da ƙorafi ba. Rage farashi ba ya maganin shakka, wani lokaci ma ƙara ta yake yi, saboda mai dubawa zai tambayi kansa dalilin arhar.

Ɗan Hanya ya amsa:

Ni ba ni da gidan haya, aiki ne yake yawan kai ni garuruwa, don haka zan yi magana daga ɓangaren masu kamawa. Abin da ya fi sa ni rufe shafi shi ne jimillar kuɗi. Kuɗin kwana ɗaya yana iya zama daidai, amma idan aka ɗora kuɗin tsabtace gida, wanda sau ɗaya ake biya ko kwana biyu mutum zai yi ko wata guda, sai gajeren zama ya fi otal tsada. Wannan ƙorafi ya yi yawa a duniya har ya kai ga doka: a watan Mayun 2025 dokar hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta fara aiki, wadda ta wajabta nuna cikakken farashin masauki tun daga farko, kuma a watan Afrilun shekarar Airbnb, babban dandalin hayar gidaje na 'yan kwanaki, ya fara nuna wa kowa farashi haɗe da kuɗaɗen ƙari tun a jerin bincike. Abin da ya fi ɓata rai kuma shi ne a karɓi kuɗin tsabtacewa, sannan a jero wa baƙo ayyukan da zai yi kafin ya fita, ya cire zanen gado, ya wanke tawul, ya share ƙasa. Duk tallar da na ga dokokinta sun fi bayanin gidan tsawo, ba na ƙarasa karanta ta.

Sharhin baƙi kuma, mafi muni nake fara nema, kuma amsar mai gida ta fi ƙorafin kansa muhimmanci a wurina. Wanda ya mayar wa baƙo martani da zafi ya nuna mini yadda zai karɓe ni ranar da famfo ya lalace.

Maman Ihsan ta amsa:

Malam Abu Hafsa, na yarda da kai kan shakka, amma ba na son Hajiya ta tsaya a hotuna kaɗai. Akwai masu buɗe talla, su so gidan, sai sharaɗi ya hana su: mafi ƙarancin kwanakin da mai gida ya ƙayyade ya fi abin da suke buƙata, ko ƙa'idar soke kamu ta yi tsauri ga wanda tafiyarsa ba ta tabbata ba, ko kuma sai sun aika buƙata sun jira amincewa, alhali gidan maƙwabci ana kama shi nan take. Matafiyi yakan tura tambaya ga gidaje da dama a lokaci ɗaya, wanda ya fara amsawa shi yake samu. Ki lura da ma'aunin da Airbnb ya sa wa masu lambar Superhost, wato lambar yabo ga fitattun masu gida: maki 4.8 cikin 5 daga baƙi, amsa kashi 90 cikin 100 na saƙonni a cikin sa'o'i 24, da soke kamu ƙasa da kashi 1 cikin 100. A kasuwar da masu irin wannan maki suke da yawa, gida mai 4.4 yana bayyana a matsayin mai rauni, duk da cewa a lissafi ba ƙaramin maki ba ne.

Ummu Yasmin ta amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sharhin da aka yi wa gidan kaɗan ne tukuna, shin wannan kaɗai zai iya hana mutane kamawa, kuma da wane gyara zan fara?

Abu Hafsa ya amsa:

Zai iya, Hajiya, domin a Airbnb makin gida ba ya ma bayyana sai an sami sharhi uku, kuma kwana 14 kacal baƙo yake da su bayan ya fita domin ya rubuta nasa. Ki tura wa kowane baƙo saƙon godiya washegarin tafiyarsa, ki roƙe shi cikin ladabi ya rubuta abin da ya gani, amma kada ki saurari masu sayar da sharhin ƙarya, domin yaudara ce kuma tana iya jawo a rufe tallar baki ɗaya. Game da gyara, ki riƙa canza abu ɗaya ki ba shi makonni kafin ki taɓa na biyu, in ba haka ba ba za ki san wanda ya yi tasiri ba. Ni da sharaɗin kwanaki zan fara, sai kuɗin tsabtacewa, tunda ba sa cin ko sisi, sannan in sake ɗaukar hotunan da rana, tagogi a buɗe, har da banɗaki da ƙofar shiga.