Yaya makaranta za ta haɗa kai da masu kamfanoni don yara su ga aiki da idonsu?

Malamar_Aji ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ni malama ce a sakandare, bana aka ƙara min aikin ba ɗalibai shawara kan abin da za su karanta da sana'ar da za su yi nan gaba. Satin da ya wuce na raba musu takarda nace kowa ya rubuta aikin da yake so, wallahi abin ya tsaya min a rai, kusan duk ajin likita ne, injiniya, lauya, sai ɗaiɗaiku soja da matuƙin jirgi. Na tambayi wata yarinya mai ƙoƙari sosai nace to me injiniya yake yi daga safe zuwa yamma, tayi shiru can tace yana gyara abubuwa. Kuma ba laifinta bane, bata taɓa ganin injiniya a bakin aikinsa ba. Yaran nan 'yan shekara 15 zuwa 17 ne, nan da ɗan lokaci za su cike fom su zaɓi kwas alhali sunan aikin kawai suka sani.

Ina so in kai wa shugaban makaranta shawarar mu haɗa kai da wuraren aiki, asibiti, kamfanin gini, gidan rediyo, banki, masu gyaran na'urori, manyan gonaki. Amma ta ina ake farawa? Su za mu gayyato ko yaran za mu kai? Wanda ya taɓa yi ya taimaka min.

Injiniya_Tsoho ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri da kika damu da wannan. Abin da kika gani a ajinki ba naki bane ke kaɗai. Ƙungiyar OECD ta haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki ta tambayi 'yan shekara 15 a jarrabawarta ta auna ɗaliban ƙasashe daban daban, wato PISA ta 2018, aikin da suke sa ran yi idan sun kai shekara 30, a ƙasashe 41 kusan rabinsu, kashi 47 na maza da kashi 53 na mata, duk suka taru a kan ayyuka goma kacal. Duniya cike da sana'o'i amma yara goma suke gani.

Ni an sha gayyata ta ranar sana'o'i a makarantu, kuma gaskiya zan faɗa miki amfaninta kaɗan ne in dai ita kaɗai ce. A tara yara ɗari uku a babban ɗakin taro, a miƙo min lasifika in yi minti ashirin, a tafa, babu mai tambaya saboda kunya, washegari sun manta. Amma akwai lokacin da aka turo min ɗalibai huɗu wajen aiki suka wuni tare da mu, suka ga ana auna ƙasa, suka ga ana gardama kan zane, suka ga mai walda da mai haɗa wayar wuta da mai lissafin kayan gini, ɗaya daga cikinsu har ya tsaya yana tambayar mai lissafin nan wai wane kwas ake karantawa a zama irinsa. Bai taɓa jin akwai wannan aikin ba sai ranar. Gani ya kori ji Malama.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske basu barshi a rana ɗaya ba. A Ingila akwai ma'aunai takwas na ba ɗalibai shawara kan sana'a da wata gidauniya mai suna Gatsby ta fitar a 2014, a ciki an ce daga shekara 11 yaro ya riƙa haɗuwa da masu ba da aiki aƙalla sau ɗaya duk shekara, sannan ya shiga wurin aiki da ƙafarsa kafin ya kai 16, ya sake kafin 18. A Faransa ɗalibai 'yan wajen shekara 14 suna yin sati guda na kallon aiki kuma dole ne. A Japan lardin Hyogo ya fara tura 'yan ƙaramar sakandare wuraren aiki na kwana biyar tun 1998. Ki gayyato su makaranta ba laifi, amma ki ɗauke shi share fage kawai.

Maman_Biyu ta rubuta:

Ni dai a matsayina na uwa akwai abin da nake so ki kula da shi 'yar uwa. Ɗana an taɓa tura shi wani ofis na sati ɗaya, ya dawo kullum a gajiye, da na matsa masa sai yace tunda yaje ba abin da yake yi sai fotokwafi da aike, babu wanda ya zaunar da shi ya nuna masa komai, wanda aka ce zai kula da shi ma sau ɗaya ya ganshi. Yaron nan ya tafi da zumuɗi ya dawo yana cewa shi ya tsani aikin ofis, har yanzu abin yana min ciwo. To in za a yi a rubuta a takarda tun farko, wa zai riƙe yaron, me zai gani kowace rana, ƙarfe nawa zai tashi, wa za a kira in wani abu ya faru. Kuma kar a tura yaro shi kaɗai balle mace, a haɗa su bibbiyu ko uku, malami ya riƙa leƙawa ba tare da ya sanar ba. Yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta 1973 ma shekara 18 ta sa wa duk aikin da yake da haɗari, don haka inda ake da manyan injina ko sinadarai kallo kawai za su yi daga nesa. In kika nuna wa iyaye wannan takardar za ki ga sun sa hannu da sauri.

Mai_Garejin_Zamani ya rubuta:

Hajiya kin faɗi gaskiya, bari ni kuma in faɗi ta ɓangarenmu tunda ina da ƙaramin kamfani na gyaran motoci da ma'aikata. Ba ƙin yara muke ba, matsalar ita ce makaranta sai ta aiko wasiƙa ana saura kwana biyu wai za a kawo ɗalibai arba'in, ina zan sa su, wa zai bar aikin kwastoma ya tsaya da su? In aka zo min da wata guda kafin lokaci aka ce yara uku ne, awa huɗu, ga abin da muke so su gani, wallahi da murna zan karɓa, don ni kaina ina neman matasan da za su iya karanta na'urar gano matsalar mota ban samu ba, yara sun ɗauka kanikanci baƙin mai ne kawai alhali yanzu rabin aikin kwamfuta ne.

Malama ki duba Jamus, matashi a duk sati yana kwana uku ko huɗu a kamfani, kwana ɗaya ko biyu a makarantar koyon sana'a, tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, ana biyansa alawus, akwai kwantiragi, kuma sana'o'in da hukuma ta amince da su sun haura ɗari uku. A Suwizalan kusan kashi biyu cikin uku na matasa ta wannan hanyar suke bi, kuma kafin su zaɓa suna zuwa kamfani su yi 'yan kwanaki na gwaji. Kamfanonin ba sadaka suke yi ba, ma'aikatansu na gobe suke rainowa. In za ki je wajen mai kamfani ta nan za ki ɓullo masa. Kuma ki fara da tsofaffin ɗaliban makarantarku da iyayen yara, su basa iya ce miki a'a.

Malam_Lissafi ya rubuta:

Abu ɗaya zan ƙara Malama kuma shi yafi damuna. Kar ki ce kowane yaro ya je ya nemo wa kansa wuri. Mun gwada haka, ɗan likita ya tafi asibiti, 'yar ma'aikacin banki ta tafi banki, yaran da iyayensu basu san kowa ba suka zauna a gida sati guda, ko suka koma inda dama can suke taya iyayensu aiki. Wato waɗanda aka yi shirin dominsu su ne basu amfana ba. Faransa ma sun ci karo da wannan, har gwamnati ta buɗe shafin intanet na musamman don ɗaliban unguwannin marasa ƙarfi su samu gurbi. Makaranta ita za ta tara guraben ta raba, kuma ta tanadi kuɗin mota ga wanda bashi da shi.

Sannan kar a raba ta hanyar wannan na maza ne wannan na mata. A Jamus tun 2001 akwai rana guda, galibi a watan Afrilu, da 'yan mata suke zuwa wuraren aikin fasaha da kimiyya, daga baya aka yi wa maza tasu suna zuwa wajen jinya da renon yara. Yarinyar nan da kika ce mai ƙoƙari, ita ya kamata a fara kaiwa wajen Injiniya.

Malamar_Aji ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na rubuta komai. Zan fara da aji ɗaya a zangon nan, wurare biyar, yara uku uku, kuma da kaina zan je in ga kowane wuri kafin a tura kowa. Maman_Biyu don Allah in ba damuwa ki rubuto min sauran abubuwan da kike ganin ya kamata su shiga takardar iyaye. Sannan ina da ɗalibi ɗaya da yake amfani da keken guragu kuma yana matuƙar son aikin rediyo, me ya kamata in tambayi gidan rediyon kafin ranar, bayan maganar matakala da banɗaki?