Ina son kai iyali Kuros Riba hutun Disamba, wa ya san Obudu da Kalaba?

Baban Khairat, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san jihar Kuros Riba. Na daɗe ina tara ɗan abin da ya samu da niyyar in an ba yara hutun Disamba in kwashe su da uwarsu mu je wuri mai ciyayi da ruwa da duwatsu su ga irin dajin da rana ba ta ratsa shi, don kun san mu nan da an shiga watan Nuwamba ciyawa ta bushe sai fadama kaɗai ke da sauran kore, su kuma kullum suna ganin hoton Obudu a waya suna tambayata wai da gaske a Najeriya yake. Abin da nake son sani, ta ina ake bi daga nan, Kalaba za mu fara ko Obudu, akwai masallaci da abincin da musulmi zai ci hankalinsa kwance, sannan wane wuri ne ya cancanci a kashe masa kuɗi. Mu shida ne har da ƙanwar maiɗakina, autanmu shekararsa 5. Allah ya bar zumunci.

Ɗan Aliero mai albasa

Wa alaikumussalam Alhaji. Ni albasa nika kaiwa can Ikom da Kalaba don haka hanyar dai na san ta. Abu na hwarko, Obudu da Kalaba ba kusa suke ba, mutane na jin an ce jiha guda sai su ɗauka kamar Birnin Kebbi da Jega na, alhali tsakaninsu ya hi kilomita 300 kuma hanyar akwai wuraren da sunka lalace, wuni guda zaka yi cikin mota. Tunda daga arewa zaka hito to Obudu zaka hwara don shi a bisa kan jihar. Ka bi Jega, Koko, Yauri, Kontagora ka shiga Abuja ku kwana, washegari da asuba Keffi, Akwanga, Lafiya, Makurɗi, Gboko, Vandeikya sai Obudu. Don Allah kada ka yi tahiyar dare ko kusa, balle tsakanin Yauri da Kontagora zuwa Tegina, kuma kwana guda kahin ka tashi ka shiga tasha ka tambayi direbobi yadda hanya take ranar, su ka da labarin gaskiya. In aljihu ya yarda ku hau jirgi daga Abuja zuwa Kalaba ku huta da rabin wahala, sai dai hakan Obudu ya koma ƙarshen tahiya.

Zancen abinci kuwa, Kalaba akwai unguwar Hausawa sunanta Bogobiri, masallaci na nan, masu tsire da masu shayi da masu tuwo duk namu na, in ka shiga sai ka ji Hausa ta ko'ina. Ikom da Ogoja ma ba ka rasa 'yan uwa wajen kasuwa. Amma wajen wanga ka kiyaye, mutanen can suna cin naman kare 404 suka ce mishi, ga alade ga naman daji, kada ka ga miya ta yi kyau ka zauna, tambaya za ka yi mi anka sa ciki. Kihi kam ka ci ka more, da ayaba da agada gasasshe, ayabar da ake saidawa bakin hanya tsakanin Boki da Ikom nono guda sai ya ishe ku ku shida har ku rage. Hajiya ta ɗauko kilishi da garin kunu da yaji daga gida saboda ɗiyan.

Maman Sadiq, Gusau

Slm Baban Khairat, Allah ya sa a je lafiya. Ni bautar ƙasa na yi a Obanliku, ƙaramar hukumar da wurin shaƙatawa na tsaunin Obudu yake ciki kenan, don mutane na cewa Obudu amma garin Obudu daban tsaunin daban, sai ka ƙara tafiyar sama da awa guda ta Sankwala kafin ka iso gindin dutsen. Daga ƙofar ƙasa zuwa sama kilomita 11 ne mai lanƙwasa 22, hanya ce ta maciji, gefe guda dutse gefe guda rami mai zurfi, don haka a duba birkin mota sosai kafin a hau kuma kar a cika wa yara ciki da abinci mai mai don wlh amai suke yi. Amma da kun kai sama za ku manta da duk wannan. Tsayin wurin ya haura mita 1,500, gajimare yana saukowa har ƙasa ka ga yana wucewa ta gabanka yana jiƙa maka hijabi, mutum na tsaye taku goma daga gare ka sai ya ɓace maka ɗan jimawa ya sake bayyana, ga tuddai sun jeru ɗaya bayan ɗaya har cikin Kamaru. Wasu Turawan Sikotland ne suka kafa shi a 1951 don kiwon shanu saboda sanyin wurin, shi ya sa har yau wasu gidan gonar shanu suke ce masa.

Sanyi fa da gaske ake yi, ku tafi da rigunan sanyi da safa da hula musamman don autan nan, alwalar asuba sai an ɗumama ruwa. Akwai motar nan mai tafiya a kan waya a sama wadda aka yi a 2005 zamanin gwamna Donald Duke, kusan kilomita 4 take ɗauka daga ƙasa zuwa sama, to kar ka yi wa yara alkawarinta sai ka kira ka tabbatar tana aiki a lokacin. Abin da ni ya fi shiga raina shi ne ɗan kurmin Becheve da ke nan saman, akwai gadar igiya da aka ɗaura tsakanin itatuwa kana tafiya tana lilo, ƙasanka ganye ne kawai ba ka ganin ƙasa, jikin kowane icce gansakuka ta lulluɓe shi in ka dafa sai ruwa ya fito a tafin hannunka, ga kukan tsuntsaye iri iri da ban taɓa ji a Zamfara ba.

Sai dai gsky zan gaya maka, in kore shar kake nema kamar na hoton nan to ƙarshen damina ya fi, Satumba zuwa Oktoba. A Disamba hazo na kaiwa can ma, ciyawar kan tuddan ta fara ja, kurmin ne dai ba ya canzawa. Ribar Disamba ita ce hanya a bushe ba santsi. Sannan makon ƙarshe na Disamba Kalaba cika take da bikin kanibal ɗin da suke yi tun 2004, kuɗin otal ya ninka, kuma irin shigar da ake yi a titi ba abin da za ka so ka tsaya da iyalinka kuna kallo ba ne. In za ku shiga Kalaba ku shiga kafin 20 ga wata ko ku bari sai an shiga Janairu. Mutanen wurin kuwa ba ruwansu, da dogon hijabina na yi zamana babu wanda ya taɓa gaya min maganar banza, suna da son baƙo.

Na Yauri

Ni dai Alhaji da za ka ji tawa, me zai kai ka wata uwa duniya da yara ƙanana a wannan yanayi na hanya? Ka zo Yauri ka hau jirgin ruwa ka zaga gungunan Neja, ka wuce Zuru ka ga tuddai da kadojin Girmace, kuɗinka ya zauna a jiharka.

Malamin tarihi, Argungu

Na Yauri maganarka tana kan hanya, wuraren namu ma sun isa a je, amma abin da Alhaji yake nema babu shi a nan. Ruwan da ke sauka a Kalaba a shekara ya kusa milimita 3,000, namu na Birnin Kebbi ba ya kai 1,000, wannan bambancin shi ne ya haifar da kurmin da ba za a samu a Kabi ba ko a tsakiyar Agusta. Gandun dajin ƙasa na Kuros Riba da aka kafa a 1991, ɓangaren Oban da na Okwangwo, shi ne mafi girman abin da ya rage wa Najeriya na irin wannan tsohon daji, sauran masu katako da masu noma sun cinye. Yaro ya gan shi da idonsa ilimi ne.

Alhaji abin da nake roƙonka kar tafiyar ta tsaya a ɗaukar hoto a kan dutse. In kun sauko daga Obudu kun nufi Ikom ku tambayi ƙauyen Alok, yana kan hanyar Ikom zuwa Ogoja. Akwai duwatsun da mutanen zamanin da suka sassaƙa da fuskar mutum, akwanshi suke ce musu, kusan 300 ne a warwatse a ƙauyukan yankin, an kakkafa su a da'ira, wasu tsayinsu bai wuce gwiwa ba wasu sun kai mutum. Ka matsa kusa ka ga ido da gemu da tsagar fuska da wata ƙatuwar cibiya da aka fito da ita a jikin baƙin dutse mai tauri, ɗaruruwan shekaru ana ruwa a kansu zanen bai goge ba. Suna cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wuraren tarihi, tun 2007. An sace wasu an kai Turai, wasu kuma wutar daji ta fasa su, abin da ciwo ƙwarai. Mu dai kallon tarihi za mu yi, su kuma masu wurin suna girmama su a matsayin kakanninsu, don haka a nemi izini a bi ɗan rakiya kar yara su hau kai.

A Kalaba kuma ku je tsohon gidan Razdan da ke kan tudu yana kallon kogi, gidan katako ne da aka ƙera a Birtaniya aka kawo shi a jirgin ruwa gunduwa gunduwa aka haɗa a 1884, yanzu gidan tarihi ne. Daga garin nan Turawa suka mulki kudancin Najeriya kafin a mayar da hedikwata Legas a 1906. Nan aka kawo Oba Ovonramwen na Bini bayan an ci garinsa da yaƙi a 1897 ya zauna har ya rasu a 1914, in ka haɗa wannan da abin da ya faru da Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903 sai yara su gane cewa guguwa ɗaya ce ta bi ta kan kowa. Akwai gidan tarihin cinikin bayi a Marina bakin ruwa, da sarƙoƙi da siffar yadda ake jera mutane a cikin jirgi, wannan kam autan ka bar shi waje da ƙanwar Hajiya don yana da tayar da hankali. Kabarin Mary Slessor ma yana garin, matar da ta zo a 1876 ta yi ta fama da al'adar kashe tagwaye har ta rasu a 1915, sai makarantar Hope Waddell ta 1895 inda Azikiwe ya yi karatu na wani lokaci. Kuma kafin ku tafi ka kawo su Argungu su shiga gidan tarihin Kanta su ga ganguna da makaman Kabawa da kaburburan sarakuna, don in an tambaye su a can ku me kuke da shi su samu abin faɗa.

Baban Khairat, Birnin Kebbi

Kai madalla, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Malam in sha Allah Asabar mai zuwa muna Argungu. Na Yauri na gode, Yauri kam a kan hanyarmu take za mu tsaya. Na yanke shawarar mu tashi da an ba da hutu mu fara da Obudu mu gangara Ikom, Kalaba kuma mu shiga mu fita kafin bikin ya kankama. Saura tambaya ɗaya, babbar 'yata ta dage sai ta ga goggon biri da magangarar ruwan nan ta Agbokim, shin za a iya da ƙaramin yaro?

Maman Sadiq, Gusau

Agbokim za a iya, kilomita 17 ne kawai daga Ikom a ƙaramar hukumar Etung dab da iyakar Kamaru, ruwan ya rabu gida bakwai yana zubowa daga kan dutse, a Disamba ya ragu amma hakan ya fi sauƙi da yara don a damina ƙararsa kaɗai tsoro take ba su. A sa musu kambas kar a je da silifas duwatsun suna da santsi, autan kuma a riƙe hannunsa har a fito. Akwai ta Kwa ma a Akamkpa kusa da Kalaba amma matakalarta ta haura 200, sauka da daɗi hawowa sai an goya shi.

Goggon biri kuwa ki yi haƙuri 'yata, irin na Kuros Riba ba su kai 300 ba a duk duniya tsakanin Najeriya da Kamaru, kuma gudun mutane suke yi, masu gadin dajin ma yawanci sheƙarsu da sawunsu kawai suke gani. Abin da za ta gani tabbas shi ne birin da ake kira dril, mai baƙar fuska sumul da launi a bayansa, ana kula da su garke garke a tsaunin Afi cikin Boki wanda yake tsakanin Obudu da Ikom, da kuma wani ƙaramin wurinsu a cikin garin Kalaba. Hanyar shiga Afi ta ƙasa ce tana son mota mai tsayi, in taku ƙarama ce ku bari sai Kalaba ku gan su a can. Ku tafi da gidan sauro da man shafawa na korar ƙwari da dogayen riguna, akwai wasu ƙananan ƙudaje a bakin ruwa masu cizo da rana, kuma ku riƙe tsabar kuɗi a hannu don sabis yana ɗaukewa a ƙauyukan, taransifa ba ta tafiya.