Kalmar "decorum" a Hausa: ni dai na tsaya a kan "ɗa'ar zaure"

Jama'a, musamman masu fassara labaran ƙasashen waje, ina so mu tsayar da magana ɗaya a kan kalmar nan ta Turanci, decorum. Duk sanda aka yi hayaniya a majalisar dokokin Amurka sai ta fito, mu kuma kowa ya juya ta yadda ya ga dama. Wannan ya ce ladabi, wancan ya ce natsuwa, wani ma ya tsallake ta kamar bai gani ba. Tun jiya da na jefa tambayar yadda za mu fassara ta da Hausa nake samun shawarwari, na gode ƙwarai. Ga inda na tsaya, ga kuma dalilina.

Kalma ba ta zaunuwa sai an gwada ta a kan labari na gaske, don haka ga labarin. Ranar 9 ga Satumba 2009 Shugaba Barack Obama ya yi wa majalisun biyu jawabi a zama ɗaya, kan shirinsa na gyaran tsarin kiwon lafiya. A lokacin mutum sama da miliyan 45 a Amurka ba su da inshorar lafiya, kamfanonin inshora kuma suna iya ƙin karɓar mutum saboda wata cuta da yake da ita tun da farko. Da ya zo inda yake cewa shirin ba zai haɗa da baƙin da ke zaune a ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, sai Joe Wilson, ɗan majalisar wakilai na jam'iyyar Republican daga Karolina ta Kudu, ya ɗaga murya daga kujerarsa ya ce: "Ƙarya kake yi!" A daren ya kira fadar shugaban ƙasa ya ba da haƙuri, Obama kuma ya karɓa. Amma da aka nemi ya tashi a gaban majalisa ya maimaita, sai ya ƙi. Ranar 15 ga watan majalisar wakilai ta zartar da ƙudurin nuna rashin amincewa da abin da ya yi, ƙuri'a 240 da 179.

Ku lura da kyau. Wanda aka yi wa ihun ya riga ya yafe. To me ya rage har majalisa ta zauna tana kaɗa ƙuri'a? Abin da ya rage ɗin nan shi muke nema wa suna. Haƙƙi ne na wurin zaman kansa, wanda shugaban ƙasa ba shi da ikon yafewa.

Wannan ne ya sa ladabi, wadda ta fi kowace samun magoya baya a nan, ba ta kwanta mini ba. Malam, ku da kuka fara kawo ta, na fahimci hujjarku, kalma ce da kowa ya sani. Sai dai ladabi a bakinmu daga ƙasa yake tafiya zuwa sama: ɗa ga uba, ɗalibi ga malami, ƙarami ga babba. Idan na rubuta cewa Wilson ya yi rashin ladabi, mai karatu zai ɗauka yaro ne ya ɗaga wa na gaba da shi murya. Ai kuwa ɗan majalisa ba yaron shugaban ƙasa ba ne. A tsarin Amurka majalisa reshe ce mai cin gashin kanta, shugaban ma da gayyata yake shiga zauren. Tsorona shi ne mu shigar wa mai karatu tunanin cewa yin jayayya da mai mulki shi ne laifin, alhali don jayayyar aka zaɓi mutumin.

Hajiya, ku kuka ce kara ko alkunya. Kalmomi ne masu daɗi, amma kara ita ce ka haɗiye abin da ke ranka don kada wani ya ji kunya. A rikicin dokar lafiyar nan babu wanda ya yi wa wani kara. Majalisar dattawa ta amince da ita ranar 24 ga Disamba 2009 da ƙuri'a 60 da 39. Majalisar wakilai ta biyo ranar 21 ga Maris 2010 da 219 da 212, babu ɗan Republican ko ɗaya da ya ce e. Masu adawa da ita suka bi ta har Kotun Ƙoli, inda ta tsira a 2012 da alƙalai 5 da 4. Adawa ce ta gani-kashe-ni, amma duk wannan bai saɓa wa decorum ba ko kaɗan.

Baba, dattakun da kuka kawo ya daɗe yana yi mini yawo a rai. Amma dattaku hali ne da mutum yake ɗauke da shi duk inda ya je, ba a tilasta shi. Shi kuwa abin da muke magana a kai rubutacce ne: kakakin majalisa na iya buga guduma a kansa, ya sa a goge kalma daga kundin zama, ya sa a fitar da mutum. Natsuwa da kamun kai ma matsalarsu ke nan, halin mutum ɗaya suke faɗa.

Saura ɗa'a. Na san asalinta daga Larabci ne, ma'anarta can biyayya, kuma wani ɗan'uwa ya ce to ai ta faɗa ramin da ladabi ta faɗa. Da asali muke bi, da gaskiyarsa. Amma Hausa ta daɗe da ja da ita gaba. Muna cewa ɗa'ar aiki, muna cewa kwamitin ɗa'a, kuma babu mai jin cewa ana nufin durƙusa wa wani. Ƙa'ida ake nufi wadda ta hau kan babba da ƙarami daidai. Cikas ɗin shi ne ita kaɗai ta yi faɗi. Ɗan majalisar da ya karɓi cin hanci ma ya saɓa wa ɗa'a, kuma wannan wani babi ne daban. Shi ya sa na ɗaure ta da wurin: ɗa'ar zaure. Zauren majalisa dama shi muke faɗa kullum a labarai, kunne ba zai ji baƙunta ba.

Na gwada ta a kan ɗaya ɓangaren, don kalmar da ta kama jam'iyya ɗaya ta saki ɗaya ba ta da amfani. Ranar 4 ga Maris 2025 Shugaba Donald Trump yana jawabi a wannan zauren, Al Green, ɗan Democrat daga Texas, ya miƙe yana ihu cewa jama'a ba su ba Trump izinin rage kuɗin Medicaid ba, wato shirin lafiyar masu ƙaramin ƙarfi da aka kafa tun 1965. Kakaki Mike Johnson ya sa aka fitar da shi, bayan kwana biyu majalisa ta tsawatar masa da ƙuri'a 224 da 198. Batun lafiya ne a duka biyun, kuma waɗanda suka kare Wilson jam'iyyarsu ce ta hukunta Green. "Green ya keta ɗa'ar zaure." "Wilson ya keta ɗa'ar zaure." Duka sun zauna.

Abin da ya fi burge ni da ita, ba ta yanke hukunci a kan wanda ke da gaskiya. A majalisar Birtaniya a 2021 an fitar da Dawn Butler saboda ta ce Firaminista Boris Johnson ya yi ƙarya kuma ta ƙi janyewa. Ba a binciki ko zarginta gaskiya ne ba, furucin aka hana. Mai fassara yana bukatar kalmar da za ta ce an keta ƙa'idar zama, ta bar wa mai karatu sauran. Mutumin da ke fargabar rasa maganinsa yana iya ganin mai ihun ya yi daidai, kuma bai kamata fassararmu ta rufe masa baki tun kafin ya yi tunani ba.

Don haka daga yau ni haka zan riƙa rubutawa: ya kiyaye ɗa'ar zaure, ya keta ɗa'ar zaure, kalaman da suka saɓa wa ɗa'ar zaure. Inda har yanzu nake neman taimako shi ne hukuncin. Na Wilson da na Green ba mataki ɗaya ba ne a dokokin majalisar, na Green ya fi nauyi, kuma "rashin amincewa" da "tsawatarwa" da na sa a sama ba su nuna tazarar yadda nake so ba. Malam, ku da kuka daɗe a aikin fassara, me kuke sawa a nan?