Wutar ganye da haƙƙin maƙwabci: muhawarar zauren layinmu a Hotoro

Maman Walid: Assalamu alaikum jama'ar layi. Ku yi haƙuri da saƙon dare. Yau kwana 3 ke nan a jere ana cinna wa tarin ganye wuta bayan magariba, hayaƙin kuma ɗakin yara yake shigowa kai tsaye. Walid yana da asma, yawancinku kun sani. Jiya a zaune muka kwana, ina riƙe da shi yana fizgar numfashi, abin shaƙarsa ya kusa ƙarewa. Na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, duk bai hana ba. Ban kama sunan kowa ba. Amma a ganina ƙona ganye ko shara a tsakar gida, a unguwar da katanga ke jingine da katanga, rashin kula ne da haƙƙin maƙwabtaka. In na yi kuskure a gyara min.

Alhaji Sabo: Wa alaikumussalam. Ba sai an kama suna ba 'yata, gidana ne, ni na sa yaro ya ƙona. Allah ya ba Walid lafiya, wallahi ban san abin ya kai haka ba. Sai dai kalmar rashin kula ta yi min nauyi. Shekara 30 da ɗoriya ina gidan nan. Lokacin da na tare, bayan katangata gonakin gero ne, babu gidanku, babu na kowa. Da hannuna na dasa darbejiya 4 da mangwaro 2, inuwar da kuke ajiye motoci a ƙarƙashinta da rana. Daga hunturu zuwa bazara ganyen da suke zubarwa ba buhu ɗaya ba ne, ba biyu ba. Yaran da ke kwasar shara a baro ba sa son ɗauka, sun ce cika baro yake ba nauyi, ko kuma su ninka kuɗi. In na bar shi a jibge, kunama da maciji su samu gida. To ku faɗa min, ina zan kai shi? In sare bishiyoyin?

Musa Mai Shago: Gaskiya Baba Alhaji yana da gaskiya. Ganye ne fa, ba taya ba. Iyayenmu da hayaƙin ganyen darbejiya suke korar sauro tun kafin a san maganin feshi. Kuma a watan nan wa zai iya rabe hayaƙi da hazo? Garin gaba ɗaya fari fat. Ga janareto a kowane gida, ga adaidaita sahu, ga masu gasa nama. Sai wutar Baba ta awa ɗaya ce za a ɗora wa laifi?

Maman Walid: Musa, ba awa ɗaya ba ce. Harshen wutar ne yake awa ɗaya. Tarin yana ci a ciki har asuba.

Anti Hauwa Nas: Bari in shigo nan, domin abin da Maman Walid ta faɗa yanzu shi ne gundarin maganar. Ganye idan an jibge shi, musamman in da ɗanye a ciki ko an watsa masa ruwan wanke-wanke, ba ya ci da wuta sosai, turnuƙewa yake yi. Wutar da ba ta samun iska ita ta fi fitar da hayaƙi. A cikin hayaƙin nan akwai ƙura mai tsananin ƙanƙanta da ake kira PM2.5. Silin gashin kai ya ninka ta kauri wajen sau 30. Gashin hanci ba ya tare ta, tana wucewa har can cikin huhu. Mai lafiya zai yi tari ya wuce. Mai asma, ko jariri, ko tsoho mai ciwon zuciya, shi ne zai ji a jikinsa.

Sannan lokacin ma da ake kunnawa. Da rana ƙasa ta yi zafi, hayaƙi tashi yake sama. Bayan faɗuwar rana a hunturu iska mai sanyi ce ke kwanciya a ƙasa, sai hayaƙin ya rasa hanyar tashi, ya bi katanga ya shiga tagogi. Iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa. Ku duba inda gidan Baba yake da inda na Maman Walid yake, za ku ga dalilin da ya sa ita ke sha, mu da ke ɗaya ɓangaren ko ƙauri ba ma ji sosai.

Musa, batun hazo da ka kawo ni a wajena hujja ce a kanka. Huhun yaron nan ya wuni yana fama da ƙura, daren da zai huta kuma a ƙara masa hayaƙi.

Musa Mai Shago: Anti na ji. Amma sauron fa?

Anti Hauwa Nas: Yana korar sa muddin hayaƙin na tashi. Da ya lafa sun dawo. Gidan sauro ya fi shi aiki, kuma ba ya sa kowa tari.

Yakubu: Ni ba hayaƙin ne ma ya fi tsaya min a rai ba, tartsatsin ne. Komai a bushe yake yanzu. A layin nan akwai mai ajiye jarkar fetur ta janareto a jikin katanga, akwai mai rumfar zana, akwai wayoyin wuta da suka sauko ƙasa-ƙasa. Mutanen Kano ba sai an ba mu labarin gobara ba, mun ga abin da ya samu kasuwar Sabon Gari a 2016. Ban ce ganye ne ya jawo waccan ba. Cewa nake wuta ba ta san katangar wane ba ce.

Inna Talatu: Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta min. Ni tsoro ne ya kama ni da na ji ana karanto min maganganun nan. Kullum da asuba da itace nake tuyar ƙosai a ƙofar gida, da shi nake ci da marayu 3. Kuɗin gas ba ni da shi, gawayi ma ya yi tsada. Yau an ce hayaƙin Alhaji cutarwa ne. Gobe ai nawa za a waiwayo. Masu hali su kunna janareto ya kwana yana hayaƙi a bayan ɗakina ban taɓa cewa uffan ba, don na san zaman tare sai da kawar da kai. Ku yi mana adalci, kada dokar ta tsaya a kan mai murhu.

Maman Walid: Inna, wallahi ko a raina ban kawo ki ba. Ƙosanki muke karyawa da shi.

Malam Habibu: Bismillah. Na so in yi shiru har kowa ya gama, amma maganar Inna Talatu ta sa dole in yi magana yanzu, don hankalinta ya kwanta.

Wannan mas'ala ba sabuwa ba ce, malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi ta tun da daɗewa. Asalinta hadisin nan: la darara wa la dirara, babu cuta babu cutarwa. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce wurin da aka ce mutum ba zai yi abin da zai cuci maƙwabcinsa ba, aka ba da misali da buɗe tagar da za ta leƙa gidansa, ko haƙa ramin da zai cutar da shi, ko da a cikin mallakarka ne. Ku riƙe wannan gaɓar: ko da a cikin mallakarka ne. A littafin fiƙihu na Muhtasar kuma hayaƙi aka ambata da sunansa, cewa alƙali yana hana hayaƙi irin na gidan wanka da wari irin na majema.

Amma malamai ba su haɗa kowane hayaƙi a kwando ɗaya ba. Hayaƙin girki da na tanderu, wanda rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi, kuma yana zuwa ne ya wuce, ba a hana shi. Don haka Inna, murhunki ba ya cikin wannan magana. Abin tambaya a wutar ganye shi ne: larura ce da babu makawa, ko kuwa ita ce hanya mafi sauƙi? In akwai wata hanya, ga kuma yaro da ba ya iya numfashi, to sauƙin mai gida bai kai nauyin numfashin yaron ba.

Alhaji Sabo: Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya. Ba an ce abin da aka tarar ana yi ba daidai yake da wanda aka ƙirƙiro daga baya ba? Ni aka tarar.

Malam Habibu: Haka ne Alhaji, sun bambanta tsohon abu da sabo, kuma a gaban alƙali maganarka tana da wurin zama. Ba zan ɓoye maka wannan ba. Amma nan ba kotu muke ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rantse sau 3 cewa bai yi imani ba, wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga cutarwarsa ba. Bai ce sai maƙwabcin da ya riga ka zuwa ba. Kuma a kan abin da Yakubu ya faɗa, ya inganta cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare, sai Annabi ya ce wannan wuta maƙiyiyarku ce, in za ku yi barci ku kashe ta. Tarin da ke ci a ciki har asuba wuta ce da aka kwana aka bari.

Sannan ke ma 'yata Maman Walid, da kin tura maigidanki ya sami Alhaji a ƙofar masallaci tun daren farko, da ya fi. Dattijo ne, jin magana irin wannan a gaban mutum 60 ba daɗi.

Maman Walid: Na karɓa Malam. Baban Walid yana Legas, ni kuma nauyin Baba nake ji, shi ya sa na yi ta haƙuri har kwana 3. Baba ka yafe min yadda maganar ta fito. Amma abin da na faɗa ina nan a kansa.

Sadiya: Don Allah a ƙara da wannan. Baba ganye yake ƙonawa, amma ba shi kaɗai ke kunna wuta a layin nan ba. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, da an gama tsaftar muhalli, abin da aka kwaso daga kwata a bakin titi ake cinna masa wuta: ledar fiya wata, robar lemo, kunzugun yara, tsofaffin takalma. Wannan ya fi na Baba muni nesa ba kusa ba, don roba in tana ƙonewa guba take fitarwa, kuma tokar a nan take zama yara suna wasa a kai. Mun yi shiru a kan wannan ne saboda kowa da hannunsa a ciki. Akwai ma doka ta tarayya tun 2011, ƙarƙashin NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, a kan ƙona daji da ƙone-ƙone a fili. In za mu gyara, mu gyara duka.

Musa Mai Shago: To in ba a ƙona ledar ba ta koma kwata, damina ta zo ruwa ya shigo mana gida. Wanne ya fi? Ni fa har yanzu ban ga inda za a kai sharar ba. Kowa na cewa a daina, ba wanda ya ce ga wuri.

Ɗanladi Direba: Ta leda ban da amsa, Musa. Ta ganye ina da ita. Baba Alhaji, abin da kake ƙonawa taki ne. Mu mutanen Gezawa tun muna yara muke ganin ana shigowa birni da jakuna a ciko mangala da shara da kashin dabbobi a kai gona. Da haka gonakin kewayen Kano suke bayarwa shekara da shekaru ba a bar su sun huta ba. In ka ƙona ganye toka kaɗan za ta rage maka, mafi yawan amfanin ya bi hayaƙi. In kana so a gida, a haƙa rami a bayan mangwaron, a zuba ganye, a bi shi da kashin awaki, a yayyafa ruwa, a rufe da ƙasa, a riƙa juyawa lokaci-lokaci. Kafin shuka ya zama baƙar ƙasa. In kuma ba ka son rami, duk Juma'a da yamma ina tafiya gida da a-kori-kura babu kaya. A cusa min a buhu, ni zan ɗauka, ko sisi ba na so. Yayana zai yi murna.

Alhaji Sabo: Rami ba zai tara min kunama ba?

Ɗanladi Direba: In an rufe da ƙasa ana juyawa, bai kai tarin da ke jibge a fili ba. Amma buhun ya fi maka sauƙi Baba.

Alhaji Sabo: To. Na sa an kwara wa na yau ruwa tun ɗazu, Maman Walid ki duba ko ya lafa. Ganye na yarda a gwada buhun Ɗanladi zuwa ƙarshen hunturu mu gani. Rassan da nake sassabewa kuwa a kai wa Inna Talatu ta yi tuya da su. Amma abu ɗaya ba zan hana ba: maigadina yana hura 'yar wuta da dare yana jin ɗumi. Mutum ne shi ma, a waje yake kwana cikin sanyin nan saboda mu yi barci. Kuma har yanzu ban yarda cewa shekara 30 ɗin da na yi ina ƙona ganyena rashin kula ba ne. Ban sani ba ne, yau na sani.

Anti Hauwa Nas: Wutar maigadi in busasshen itace ne a kasko, a fili, ba matsala Baba. Kada dai ya sa leda ko roba wajen hura ta, kuma kada ya shiga da garwashin ɗakinsa ya rufe ƙofa. Wannan yana kashe mutum cikin barci.

Musa Mai Shago: Ni dai maganar leda tana nan ba a amsa min ba.

Sadiya: Mu rubuta wa REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, takarda da sunan layi, mu nemi a ajiye mana mazubin shara a bakin titi. Zan rubuta, mai unguwa ya sa hannu. Kafin nan kowane gida ya ware robobin lemo, 'yan jari bola suna saya.

Musa Mai Shago: A rubuta mu gani. In Asabar ɗin ƙarshen wata ta zo babu mazubi, zan sake tambaya a nan.

Maman Walid: Ya lafa Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Walid ya samu barci. Ɗanladi, ina da buhunan shinkafa 5 da ba na amfani da su, gobe da safe zan aiko wa Baba da su. Masu buhu a gida don Allah a taimaka, 5 ba za su isa ba.