Musayar Waƙa: Ƙafar da Ta Je Argungu

Bakabe, daga Argungu:

Salamu alaikum 'yan uwa. Yau zancen ziyara nika so mu yi, mai amsa ya zaɓi amsa-amonsa.

Da sunan Allah za ni waƙar garinmu,
Argungu, gidan jikokin Kanta, Kabawa.
Shekaru munka yi, mu da Sakkwato, gaba,
Dawaki da masu, babu sassautawa.
A 1805 Birnin Kabi yaf faɗi,
Baya Sarkin Kabi Nabame yat tashi, yaƙ ƙi sallamawa.
Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hasan
Ɗan Mu'azu yat tako don gaisawa.
Sarki Sama yat tarbe shi da bikin kamun kifi a gulbi,
Nan gabarmu tak kwanta, ba ta sake tasowa.

Basakkwace:

Ɗan uwa Bakabe, ka faɗi gaskiya,
Ni ma na taka, na gani da idanuna.
A 2020 niz zo gulbin Matan Fada,
Ban san kowa ba, sai jaka a hannuna.
Bindiga ta tashi, ƙura ta rufe sama,
Dubban masunta sunka ruga gabana.
Kowa da koma biyu, gora a ƙirji,
Kiɗan cikin kwalekwale na cika kunnena.
Anka jawo giwan ruwa bisa sikeli,
Ƙarti na nishi, ta kusa kai tsayina.
Dare ya yi ba masauki, sai wani tsoho
Yac ce, yaro, taho ka kwan ɗakina.
Tuwon shinkafa, miya da kan kifi,
Ya ji harshena, ya san Sakkwato ag garina.
Bai tada zancen kakanni ba ko kaɗan,
Sai yat tambayi lafiyar babana.

'Yar Jos:

Yayyena, wallahi kun sa ni hawaye,
Mikinku ya warke, har yau ɗanye ne namu.
Tun Satumbar 2001 gari ya tsage,
Masu coci can, masu masallaci nan gefenmu.
Ina da ƙawa, benci ɗaya muka zauna,
Kwano ɗaya uwarta take zuba mana tuwonmu.
Tana Unguwar Rukuba, ina Unguwar Rogo,
Tafiyar ƙafa ce, amma waya ce zumuncinmu.
Baƙi suna zuwa ganin dutsen Riyom,
Su hau Shere, su sha sanyin garinmu.
Su ɗauki hoto, su koma gidajensu.
Ku gaya mini, hoton baƙo zai haɗa mu?

Bakabe, daga Argungu:

Ƙanwata, tambayarki ta yi nauyi, kuma ba ni ruɗinki. Mu ma bayan 2009 bikin ya tsaya cak, sai 2020 anka dawo da shi, duk da UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya tun 2016. Inda hanya ba lafiya, ba mai zuwa kallo. Amma duba wanda yaz zo mana a farko:

Ba Bature ba ne da kyamara a wuya,
Ba ɗan kallo ba ne mai wucewa.
Magajin waɗanda munka yaƙa ne yaz zo,
Yaz zauna tabarmarmu, ba firgitawa.
Baƙin nesa bayansa sunka biyo,
Shi ya share hanya, su suna takawa.

Ɗan Dosso, daga Nijar:

Kakanninmu da Kabawa sun sha ɗamara tare,
Ta Gaya da Kamba muke zuwa gaisuwa.
Da aka rufe iyaka a 2023 mun ji a jika,
Suna da biki sun wuce, ba halin zuwa.

'Yar Jos:

Yaya Bakabe, na ji, na kuma ɗauka,
Na kira ƙawata, mun yi kuka dukanmu.
Asabar in Allah ya kai mu zan tsallaka,
Da masa a kwano, irin ta gidanmu.
Ta ce Mama ta tsufa, ido ya yi rauni,
Amma tana tambaya ina 'yan biyunmu.
Gabana na faɗuwa, ba zan ɓoye ba,
Ku sa ni a addu'a, za ta tare ni a bakin titinmu.

Basakkwace:

Allah shi kai ki lafiya, ƙanwata. In kin dawo, ki ba mu labarin Mama.