Wai round() kaɗai ya isa?

Ɗan aji uku: Jama'a, musu muke a lab. Na ce in an ce ka nuna lambobi uku masu muhimmanci (significant figures, waɗanda ake ƙirgawa daga lamba ta farko da ba sifili ba) a harshen kwamfuta na Python, round(x, 3) kawai za ka sa, shi ke nan. Abokina ya ƙi yarda. Ku raba mana gardama.

Injiniya: Abokinka ya fi ka gaskiya, ƙanena. round wurare yake ƙirgawa bayan ɗigo. Gwada round(0.0004567, 3), 0.0 zai ba ka. Awon da ka sha wahalarsa ya tafi a banza. Sa format(x, ".3g") ka ga 0.000457.

Ɗan aji uku: To ai na gwada shi da 12345, sai ya ba ni 1.23e+04, wato 1.23 sau 10,000. Wa zai kai wa malami wannan, Yallaɓai?

Hajiya: Ni ma abin da ya raba ni da .3g ke nan. Ga kuma cin sifili: 2.5 sai ya fito 2.5, alhali a awo 2.50 magana ce daban, tana nuna ma'auninka ya kai wuri na biyu.

Injiniya: Hajiya, wannan kam yana da magani. Sa "#.3g", sifilinki zai dawo. A JavaScript ma toPrecision(3) ba ya cin sa, "2.50" yake bayarwa. Amma 1.23e+04 ba laifi ba ne. In ka rubuta 12300, wa ya san ko sifilan nan na awo ne ko ciko?

Hajiya: Mai karanta rahoto ba ruwansa da wannan falsafar. 12,300 yake so, kuma a JavaScript, Intl.NumberFormat da maximumSignificantDigits yana bayar da shi salin-alin.

Mai manhajar shago: Ni da log10 nake haɗa nawa, in lissafa wuraren sannan in miƙa wa round.

Injiniya: Ba shi sifili ka gani. ValueError zai watso maka, don sifili ba shi da log.

Mai manhajar shago: Akwai if a sama mai tare sifili, Oga. 😂 Kuma kuɗi ba a yi musu haka, naira da kwabo wuri biyu ne, da Decimal, nau'in lamba na Python mai riƙe lamba yadda aka rubuta ta.

Ɗan aji uku: Wata sabuwa! 2.675 ya ba ni 2.67 a round(x, 2) da .3g duka biyun, ba 2.68 ba.

Hajiya: Wannan ba laifinsu ba ne. A tsarin IEEE 754 na ajiye lambobi masu ɗigo, kwamfuta ba ta iya ajiye 2.675 cif, 2.67499999... take riƙewa. Sa Decimal("2.675") da ROUND_HALF_UP, amma a rubuce cikin alamar zance, in ba haka ba kuskuren zai biyo ka.

Injiniya: Nan mun yarda. Batun 12,300 dai ina nan a kan bakana.